Jirgin Wasa Da Jirgin Gaske: Waiwaye Kan Tarihin Dogo A Kudancin Kano

Gabatarwa

Masu nazarin tarihi sun saba neman shaida a wurare uku, watau bakin dattawa, da takardun da magabata suka bari, da kuma kufai. Akwai wuri na huɗu wanda ba a cika kula da shi ba, shi ne kayan wasan yara. Yaro dai ba ya ƙera abin da bai gani ba, kuma abin da ya ga manya sun ɗauka da girma shi yake kwaikwayo. A zamanin da doki ke da daraja, dokin kara yara suke hawa. Da jirgin ƙasa ya iso, sai ga jirgin kara da na langalanga a ƙofar gida.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a jera jirage iri uku a gwada su. Na farko jirgin wasa na gwangwani wanda aka ƙera a masana'antun Turai, wanda yanzu wasu ke tarawa suna gyarawa. Na biyu jirgin gaske wanda Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa wa hanya a Arewa. Na uku kuwa wanda yaran Hausawa suka ƙera da hannunsu. An zaɓi ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa domin sun faɗo tsakanin hanyoyin jirgi biyu: babban dogon da ya taso daga Baro zuwa Kano ya ratsa ta yammacinsu, ƙaramin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Jos kuma ya gitta ta kudancinsu. Ɗaya ya wanzu, ɗaya ya mutu, kuma akwai darasi cikin kowanne.

Kafin Zuwan Jirgi

Tun kafin a ji kukan jirgi a ƙasar Kano, kudancinta hanyar fatake ce. Ayarin da ya fito daga Kano za shi Zazzau ko Nufe ko Gwanja yakan yada zango a Bebeji. Baturen nan matafiyi Hugh Clapperton ya bi ta garin cikin 1826, ya kuma kwatanta shi da cewa babban gari ne mai ganuwa, cike da jama'a da 'yan kasuwa. A garin nan ne aka haifi Alhasan Ɗantata cikin 1877, a gidan Agalawa masu fataucin goro. Har ila yau, da rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya a ƙarshen watan Janairu na 1903, Bebeji ne ya fara rufe mata ƙofa. Aka fasa ƙofar da igwa, sarkin garin ya rasa ransa, sa'an nan Kano ta faɗi ran 3 ga Fabrairu.

Can kudu kuma, cikin duwatsun ƙasar Doguwa, akwai Riruwai, garin da ya yi suna wajen haƙar kuza da narkar da ita. Maƙeran garin sukan zuba narkakkiyar kuza ta fito siri-siri kamar tsinke, fatake su saya su kai kasuwannin Kano da Nufe, inda ake shafe tasoshin tagulla da ita. Irin waɗannan tsinkayen ne suka faɗa hannun ma'aikatan Kamfanin Neja a bakin Binuwai, suka bi sawunsu har suka gano inda kuzar take a farkon ƙarni na 20. Ke nan abubuwa biyu da suka jawo dogo zuwa Arewa, watau amfanin gona da ma'adini, duka akwai su a wannan yanki, kuma mutanensa suna cinikinsu tun ba a san Bature ba.

Asalin Jirgin Wasa A Turai

A Ingila aka fara jirgin ƙasa mai aiki da tururi. An buɗe hanyar Stockton zuwa Darlington cikin 1825, ta Libaful zuwa Mancesta kuma cikin 1830. Ba a daɗe ba maƙera suka shiga yi wa yara kwatankwacinsa da katako da darma da gwangwani. Na farkon ba su da hanya, da zare ake jan su a ƙasa, daidai yadda yaron Ƙiru ke jan nasa.

Jamusawa ne suka mai da abin babbar sana'a. Kamfanin Märklin, wanda aka kafa a garin Göppingen cikin 1859, ya kai wani sabon abu kasuwar baje koli ta Leipzig cikin 1891: jirgi mai wani irin na agogo, da hanyarsa gunduwa-gunduwa wadda ake harhaɗawa, kuma an ƙayyade faɗinta da lamba. Hikimar abin ita ce, uban da ya sayi kan jirgi bana, baɗi zai dawo ya sayi tarago ko tasha ko ƙarin hanya, ya tabbata za su dace da na bara. Kamfanin Bing na Nuremberg ya bi sahu, har ya cika kasuwannin Ingila da kayansa. A Amurka an kafa kamfanin Lionel cikin 1900, ya shahara da jirage masu aiki da lantarki. Bayan Yaƙin Duniya na Farko mutanen Ingila suka ƙyamaci kayan Jamus, sai Frank Hornby na Libaful, mai kayan wasan nan na Meccano, ya sami ƙofa, ya fito da nasa jirgin mai wani cikin 1920.

Abin lura a nan shi ne abin da ake ƙera waɗannan jirage da shi. Gwangwani ba kome ba ne illa fallen ƙarfe wanda aka shafe da kuza don kada ya yi tsatsa. Kuzar Nijeriya kuwa, kafin a gina masana'antar narkar da ita a Jos a farkon shekarun 1960, ɗanyarta ake kwasa a kai Ingila, akasari a narkar da ita a Bootle, gefen Libaful, birnin da masana'antar Hornby take. Saboda haka abu ne mai yiwuwa ƙwarai a ce wani jirgin wasan da ɗan Bature ya yi wa wani a ɗakin ubansa, kuzar da ke jikinsa wani lebura ne ya wanke ta a rafin Jos ko na Riruwai.

Babban Dogo: Daga Baro Zuwa Kano

Hanyar jirgi ta farko a Arewa 'yar ƙarama ce. Cikin 1901 Gwamna Lugga ya sa aka shimfiɗa ta tsakanin Wushishi da Zungeru, mil 12, don a riƙa kai kaya daga bakin kogin Kaduna zuwa sabuwar hedkwatarsa. Cikin 1902 aka ƙara ta zuwa Barijuko, ta zama mil 22. Faɗinta ƙafa 2 da inci 6 ne kawai.

Babban aikin sai da Sir Percy Girouard ya gaji Lugga cikin 1907. Shi injiniyan soja ne, mutumin Kanada, wanda ya riga ya yi suna wajen shimfiɗa dogo cikin hamadar Sudan. A bayansa akwai masu masaƙun Lankasha, waɗanda suka kafa ƙungiyar noman auduga cikin 1902, suna tsammanin ƙasar Hausa za ta wadata su da auduga su huta da dogara ga Amurka. Aka amince da aikin cikin 1907, aka kama shi daga Baro a bakin kogin Kwara, da niyyar jirgin ruwa ya karɓi kaya daga nan zuwa teku. Darektan ayyuka John Eaglesome ne ya shugabanci aikin, aka zaɓi faɗin ƙafa 3 da inci 6. Ƙarfe ya iso Kano cikin watan Maris na 1911, zamanin Sarki Abbas, bayan tafiyar mil 356, aka buɗe hanyar ga 'yan kasuwa ran 1 ga Afrilu, 1912. A shekarar nan kuma aka haɗe ta da wadda ta taso daga Ikko, suka gamu a Minna, ko da yake sai cikin 1916 aka gama gadar Jebba.

Da dogon ya baro ƙasar Zazzau ya shigo ta Kano, sai ya bi ta Ɗangora da Yako a ƙasar Ƙiru, ya wuce Madobi da Calawa, ya shiga Kano. Bai ratsa cikin garin Bebeji ba, ta yamma ya bar shi. Wannan 'yar tazara ba ƙaramin abu ba ce, domin zangon fatake yana rayuwa ne da kwanan baƙi, jirgi kuwa ba ya kwana a zango. Tafiyar da ayarin jakai ke yi kwana da kwanaki tsakanin Zariya da Kano ta koma ta yini guda ko ƙasa da haka. Masu masauki da masu sayar da abinci da harawa suka ga kasuwarsu ta koma bakin tasha, inda kamfanoni suka kafa sikeli.

Sai dai ba a nan take ba, wai an danne bodari ta ka. Turawa auduga suka zo nema, manoman Kano kuwa suka yi nasu lissafi. Masaƙan gida suna sayen auduga da daraja fiye da ta Bature, gyaɗa kuma ba ta da wuyar noma, tana gyara ƙasa, in kuma fari ya zo ana iya cin ta. Tun daga kakar 1912 gyaɗa ta yi ta kwarara tashar Kano har ta fi ƙarfin taragun da ake da su. Waɗanda suka shiga tsakanin manoma da kamfanoni kuwa tsofaffin fataken goro ne, masu jari da yara da amana a ƙauyuka. Alhasan Ɗantata, wanda ya riga ya koyi aika goro ta jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko, ya zama wakilin Kamfanin Neja na sayen gyaɗa cikin 1918, ya kuma rasu cikin 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Dogo ya rage wa Bebeji matsayinsa na zango, amma ɗan Bebeji ne ya fi kowa cin moriyarsa.

Ƙaramin Jirgin Bauci

Wajen 1910 kasuwar hannun jarin kuzar Nijeriya ta yi zafi a Landan, kamfanoni suka yi ta rububin filaye a tsaunukan Jos. Matsalarsu ita ce sufuri, don kuwa a ka 'yan dako ke ɗaukar kuza, tafiyar kusan mil 200, zuwa Loko a bakin Binuwai. Kamfanonin suka matsa wa gwamnati, sai aka yanke shawarar a yi musu hanya mai araha. Aka tumɓuke ƙarafan Barijuko, waɗanda aikinsu ya ƙare, aka haɗa da sababbi, aka fara shimfiɗawa daga Zariya cikin 1911 bisa faɗin nan na ƙafa 2 da inci 6. Hanyar ta bi ta Soba da Dutsen Wai, ta kai Rahama cikin 1912, ta haura ta Jengre ta isa Jos da Bukuru cikin 1914. Tsawonta mil 143 ne. An kira ta ƙaramar hanyar jirgin Bauci domin a lokacin Jos tana cikin lardin Bauci, amma ba ta taɓa zuwa garin Bauci ba. Ita ce kuma hanyar jirgi mafi kusa da Riruwai da sauran ƙasar Doguwa.

Dalilin zaɓen ƙaramin faɗi a fili yake. Ƙaramin jirgi yana iya shan kwana mai tsanani, yana zagaye dutse maimakon a fasa shi, gadojinsa ba su bukatar ƙarfi sosai, ƙarfensa kuma ba shi da nauyi. Amma araha ba ta ado. Taragonsa ba ya hawa babban dogo, saboda haka kowane buhun kuza sai an sauke shi a Zariya an sake loda shi, haka kuma kowane injin da za a kai ma'adinai. Cikin 1927 babban dogo ya iso Jos ta Kafancan, ya kawo gawayin Inugu kai tsaye, ya kuma kwashi kuza zuwa Fatakwal ba tare da sauke kaya ba. Daga ranar ƙaramin jirgi ya rasa abin da aka yi shi dominsa. Ya ci gaba da jan fasinja da hatsi da auduga shekara 30, motoci suna ta cin kasuwarsa, har aka rufe shi a ƙarshen watan Satumba na 1957. Yau mai zuwa Jos daga Kano mota yake shiga, ya karya a Kwanar Ɗangora, ya bi ta Tudun Wada da dajin Falgore da ƙasar Doguwa.

Maƙeran Riruwai kuwa ba su ga alherin wannan zamani ba. Da aka raba wa kamfanoni filayen kuza, sana'ar narkarwa ta gargajiya ta mutu, jikokin masu ita suka koma leburori da 'yan tireda. Haƙar zamani da aka yi a ƙarƙashin dutsen Riruwai cikin shekarun 1970 ita ma ta tsaya cikin shekarun 1980, zamanin da kasuwar kuza ta duniya ta karye.

Inda Suka Yi Kama Da Inda Suka Saɓa

Wuri na farko da jirgin wasa ya yi kama da na gaske shi ne maganar faɗin hanya. Abin da Märklin ya gane cikin 1891, watau jirgin da bai dace da hanyar 'yan'uwansa ba ba shi da kasuwa, shi ne ainihin abin da ya kashe ƙaramin jirgin Bauci. Kuma maganar ba ta ƙare ba. Tsohon dogon Nijeriya faɗinsa milimita 1,067 ne, sabon kuwa, irin wanda aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna cikin 2016, da wanda aka aza harsashinsa tsakanin Kaduna da Kano cikin 2021, milimita 1,435 ne. Taragon ɗaya ba ya hawa ɗaya. Duk ma'aikacin da ke tsara sufuri ya kamata ya san abin da ya faru a tashar Zariya tsakanin 1912 da 1957.

Masu tara jiragen wasa su ma da awo suke aiki. Tsofaffin jiragen Hornby faɗin hanyarsu milimita 32 ne, watau kusan kashi 1 cikin 45 na babban dogon Ingila. Waɗanda kamfanin ya fito da su cikin 1938 kuwa milimita 16 da rabi ne. Wanda ke son ya ƙera kwatankwacin jirgin da ke bi ta Yako bisa wannan 'yar hanya, sai ya rage kowane awo zuwa kashi 1 cikin 64, sa'an nan kan jirgi da tarago da tasha za su fito daidai.

Saɓani na farko shi ne na nauyi. Jirgin wasa yana hawa tudun da aka yi masa da littafi, yana juyawa cikin faɗin tabarma. Na gaske ƙafar ƙarfe ce bisa ƙarfe, santsinta shi ne amfaninta, don shi ke sa kai ɗaya ya ja tarago masu yawa, amma shi ne kuma ke hana shi hawan tudu. Ga ƙishirwa: injin tururi sai an yi ta ba shi ruwa da gawayi a hanya. Wannan ne ya sa masu awo suka bi shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Ƙiru da Madobi, suka kauce wa duwatsun kudu.

Saɓani na biyu shi ne na siffar hanya. Hanyar jirgin wasa da'ira ce, inda ya tashi nan yake komowa da kayansa. Dogon mulkin mallaka miƙaƙƙe ne, kansa a gona ko ramin kuza, wutsiyarsa a bakin teku. Reshen Ƙauran Namoda na 1929 da na Nguru na 1930 duka haka suke. Ba a yi hanyar da ta haɗa Kano da Sakkwato ba, ko Kano da Katsina, ko da yake garuruwan nan sun fi shekara ɗari suna ciniki da juna, domin abin da ake so shi ne kaya su fita.

Saɓani na uku shi ne ya fi nauyi. Cikin kwalin jirgin wasa akan sami direba da mai tuta da fasinja da akwatunansu, amma ba a sa lebura. Dogon Baro zuwa Kano kuwa da diga da shebur da kwando aka yi shi, kuma akasarin waɗanda suka yi aikin ba don ransu yana so suka zo ba. Joji ke aika wa sarki adadin mutanen da ake bukata, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, a kwashi manoma a kai su bakin aiki na makonni. Ana biyan su da kuɗin Bature, kuɗin kuma su koma wajen haraji. Haka aka sake yi a ma'adinan kuza tsakanin 1942 da 1944, bayan Japan ta ƙwace Malaya, abin da Hausawa suka sa wa suna ɗiban gwamna, inda sanyin Jos da yunwa da cuta suka hallaka mutane da yawa. Wanda ya kalli jirgin wasa kaɗai zai zaci dogo daga sama ya faɗo.

Jirgin Kara Da Na Langalanga

Jirgin gwangwani na Turai bai zama ruwan dare a ƙasar Hausa ba. Kayan kanti ne mai tsada, sai a gidajen Turawa da na manyan ma'aikata da attajirai. Yaron ƙauye da kansa yake ƙera nasa. Bayan girbi yakan sami karan dawa, ya feƙe ɓawon ya mai da shi ƙusa, ya yanka totuwar gunduwa-gunduwa ya soke su, ya tayar da tarago. Ƙafafu kuwa daga sakaina ake fafe su, daga baya aka koma marfin kwalba da tsohon silifa. Wani ya jera kwalayen ashana ko gwangwanayen kifi ya ɗaure da zare, wani ya lanƙwasa waya ko langalanga. In ba kome a hannu, sai yara su yi layi, kowa ya kama rigar na gabansa, na gaba yana kukan jirgi.

Akwai shaida iri biyu cikin wannan. Ta farko ita ce kayan aikin. Langalanga ɗaurin dilar kaya ce, gwangwani da ashana da kwalba kuma duk kayan kanti ne, jirgi ne ya fara kawo su da yawa. Ashe yaro da juji na dogo yake ƙera hoton dogo. Ta biyu ita ce abin da aka zaɓa a ƙera. Yaron da ya tashi kusa da tasha yana ganin jirgi kullum, ya san yawan ƙafafunsa da inda hayaƙi ke fita. Da zirga-zirgar jirgi ta ja baya tun daga shekarun 1980, sai ya zamana abin da ke gaban yara shi ne tirela da tanka da babur, su kuma suke ƙerawa. Mai son sanin lokacin da mota ta karɓe sufuri daga hannun jirgi, ya tambayi dattawa da matasa abin da kowannensu ya ja da zare yana yaro.

Tarawa Da Gyarawa

Masu tara tsofaffin jiragen wasa suna da ƙa'idoji waɗanda ya kamata duk mai kula da kayan tarihi ya sani. Da farko, ba a taɓa abu sai an ɗauki hotonsa an rubuta yadda aka same shi. Na biyu, ƙura ake sharewa da burushi mai taushi, a ɗiga wa haƙoran injin mai kaɗan, ba a kankare fenti. Zanen da ke jikin gwangwani bugawa aka yi da inji, hannu ba ya mai da shi, shi ya sa jirgi mai tsohon fentinsa, ko da ya ƙuje, ya fi wanda aka sabunta daraja. Na uku, abin da ya lalace ƙwarai, kamar ƙafafun da aka zuba da gaurayen tutiya waɗanda kan kumbura su farfashe, akan musanya shi, amma a rubuta cewa an musanya. Na huɗu, ba a yar da kwali, don a jikinsa sunan kamfani yake, wani lokaci har da na kantin da ya sayar.

Waɗannan ƙa'idoji su ne na jirgin gaske. A Birtaniya, cikin 1951, shekara 6 kafin a rufe jirgin Bauci, wasu masu sha'awa suka karɓi ƙaramar hanyar Talyllyn ta yankin Wales suka ci gaba da tafiyar da ita da aikin sa kai. Misali mafi kusa shi ne na Saliyo, wadda dogonta faɗinsa ɗaya da na Bauci. An rufe shi cikin 1974, shekara ta gaba wata ƙaramar hanya ta Wales ta sayi kan jirgi ɗaya da taragu ta kwashe. Sauran da suka rage a rumfar Cline Town suka tsira har daga yaƙin basasa, aka buɗe gidan tarihi da su cikin 2005. A Nijeriya an ajiye kan jirgin Wushishi a tashar Minna, an ajiye wasu na Bauci a harabar gidan tarihi na Jos, an kuma gyara gidan Jaekel na Ebute Metta cikin 2010 ya zama ɗan gidan tarihin reluwe.

Abin da ya rage a kudancin Kano bai tsaya ga ƙarfe ba. Akwai gine-ginen tasha da gidajen ma'aikata da wuraren sikeli, akwai ramukan Riruwai da kufan matoyar kuza, akwai takardun lardi a ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna da Gidan Arewa, akwai kuma dattawan da suka hau ƙaramin jirgi. Ƙarfe yana da abokan gaba biyu, tsatsa da 'yan gwangwan. Kara yana da gara, ba ya shekara biyu. Saboda haka jirgin kara ba a iya adana shi sai ta hanyar adana iyawar, watau a zaunar da wanda ya iya, ya ƙera a gaban yara, a ɗauki hoto, a rubuta sunan kowane sashe da Hausa.

Kammalawa

An ga yadda dogo ya bar Bebeji a gefe ya ɗaukaka ɗanta, da yadda ƙaramin jirgin Bauci ya rayu shekara 45 ya mutu saboda bambancin ƙafa guda a faɗin hanya, da yadda kuzar wannan ƙasa ta tafi Turai ta zama kayan wasa. Aikin da ya rage ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta a kundin digiri yana iya ɗaukar tasha guda, Yako ko Ɗangora, ya auna gininta, ya tattara sunayen waɗanda suka yi aiki a cikinta, ya ji ta bakin manoman da suka kai gyaɗa sikelinta. Ma'aikacin ƙaramar hukuma yana iya sa a lissafa abin da ya rage a ƙasarsa, a sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa kafin a yi gwanjonsa a kilo. Malamin firamare kuma yana iya ware darasin sana'a guda bayan girbi, lokacin da kara ke da yawa. Hausawa sun ce da sauran kuka, an daki gwauro an hana shi zagi, kuma mutanen da suka ɗauki ƙasa a ka suka tayar da wannan hanya har yau ba a rubuta sunayensu a jikin kowace tasha ba.